Bashin Karatu na NELFUND: Ka Biya Da Ajiyarka Tun Yanzu Ko Ka Dakata?

Ɗaliban da suka fara karɓar bashin karatu na gwamnatin tarayya bayan buɗe shafin NELFUND, asusun ba da bashin karatu na Najeriya, a ranar 24 ga Mayu, 2024 sun fara fitowa daga makaranta. Wasu suna bautar ƙasa suna karɓar alawus na naira 77,000, wasu sun kama sana'a, wasu kuma adashe ya zagayo kansu. Da zarar kuɗi sun ɗan taru a asusu, tunanin farko da ke zuwa wa mutumin kirki shi ne ya je ya sauke nauyin nan ya huta. Tunani ne mai kyau, amma ba kullum yake zama dabara ba. Ra'ayina tun daga farko shi ne: bashin da babu ruwa a kansa, kuma da naira aka ci shi, ba a kwashe ajiya kaf a zuba masa kafin lokacinsa. Akwai mutanen da biyan shi ne ya fi musu, kuma za mu zo kansu. Ga yadda za ka gane ɓangaren da kake.

Mataki na 1: Ka san irin bashin da ke kanka

Dokar da NELFUND ke aiki da ita ita ce wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ranar 3 ga Afrilu, 2024, wadda ta maye gurbin ta 2023. Abubuwa huɗu a cikin wannan tsari su ne ginshiƙin duk lissafin da za mu yi. Babu kuɗin ruwa, abin da ka karɓa shi za ka mayar. Ba a fara neman ka biya sai shekara 2 bayan kammala bautar ƙasa. Idan lokacin ya yi, kashi 10 cikin 100 na albashi ake cirewa ta hannun wanda ya ɗauke ka aiki, mai sana'ar kansa kuma ya biya kashi 10 na ribarsa ta wata. Sannan wanda bai samu aiki ba kuma ba shi da wata hanyar samu yana iya neman a ɗaga masa ƙafa ta hanyar takardar rantsuwa, sai dai yin ƙarya a wannan takarda laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari na shekara 3.

Wannan ya sha bamban da wanda ya ci bashin dala daga kamfanoni irin su Prodigy Finance ko MPOWER don yin digiri na biyu a Ingila ko Amurka. Shi nasa yana da ruwa, kuma da kuɗin waje ake biya. A ce bashin dala 20,000 ne a kan ruwa kashi 12 a shekara: dala 2,400 ke nan ke hawa kansa duk shekara, kusan dala 200 a wata. A tsakiyar 2023, kafin a saki naira, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Bashin da yake daidai da naira miliyan 9.2 ya koma miliyan 30 ba tare da mutum ya ƙara karɓar ko sisi ba. Idan irin wannan ne a kanka kuma da naira kake samun kuɗi, amsarka gajeriya ce: ka ware na ko-ta-kwana, sauran ka rage bashin da shi, bayan ka duba yarjejeniyar ko akwai cajin biya da wuri, kuma ka nemi a cire abin da ka ƙara daga uwar kuɗin. Haka ma wanda ya ci bashin banki mai ruwa don biyan kuɗin makaranta. Sauran bayanin nan na masu bashin NELFUND ne.

Mataki na 2: Ka tabbatar da adadin

Bashin kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta da aka tura wa makarantarka kai tsaye, akwai kuma naira 20,000 na kowane wata da aka riƙa tura maka idan ka nema. Ka shiga shafinka ka rubuta abin da aka ce an biya, zango bayan zango. Ka ciro bayanan asusunka na banki ka ƙirga watannin da 20,000 ɗin ta shigo da gaske. Ka je ofishin kuɗi na makaranta ka daidaita da abin da ke littafinsu.

Wannan ba ɓata lokaci ba ne. A 2025 an yi ta ƙorafi cewa ɗalibai da dama sun biya kuɗin makaranta daga aljihunsu, daga baya kuɗin NELFUND suka shiga makaranta, sai suka koma jiran a mayar musu da nasu. Idan kana cikinsu kuma ba a mayar maka ba, ka fara bin wannan kuɗin. Babu ma'ana ka yi gaggawar biyan bashin da wani ɓangarensa bai ma iso hannunka ba.

Mataki na 3: Bashin da ke cizo shi ake fara biya

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma da wuya mai bashin karatu ya ce shi kaɗai ne a kansa. Ka jera sauran: na manhajojin bashi na waya, na banki da ake cira daga albashi, wayar da ka ɗauka biya-kaɗan-kaɗan, kayan da ka karɓa a kasuwa, da rancen da ɗan'uwa ya ba ka. A ce manhaja ta ba ka naira 100,000 a kan kashi 10 a wata. Duk wata naira 10,000 ke fita, a shekara 120,000, ya fi uwar kuɗin. Wanda ya bar wannan a kansa ya je ya biya bashin da ba ya ƙaruwa ya yi aikin baban giwa. Rancen ɗan'uwa ma, ko da babu ruwa, ya riga na NELFUND, domin shi lokacinsa ya yi, mai shi yana jira, kuma zumunci ne ke lalacewa.

Mataki na 4: Ka ware kuɗin ko-ta-kwana

Ka lissafa abin da kake kashewa a wata don rayuwa kawai: abinci, kuɗin mota, wuta, data, magani, da abin da kake aika wa gida. Ka ninka sau 3 idan albashinka tsayayye ne, sau 6 idan sana'a kake yi ko aikin kwantiragi. Ka ƙara kuɗin hayar shekara mai zuwa, tunda a mafi yawan garuruwanmu na shekara ake biya gaba ɗaya. Idan kana kashe naira 90,000 a wata kuma hayarka 250,000 ce, ƙaramin abin da ya kamata ya zauna shi ne 520,000. Wannan ba a taɓa shi don biyan bashin karatu.

Dalilin a fili yake. Kuɗin da ka mayar wa NELFUND ba sa dawowa. Ranar da mahaifiya ta kwanta asibiti aka ce a ajiye kuɗin aiki kafin a taɓa ta, ko mai gida ya ba ka notis, ba za ka koma ka ce a ranto maka abin da ka biya ba. Inda za ka nufa shi ne manhajar da muka yi magana a kanta. Ka musanya bashi mara ruwa da mai ruwa ke nan da hannunka.

Ga ɗan bautar ƙasa ma abin ya fi haka tsanani. Alawus yana tsayawa ranar da aka ba ka takardar sallama, kuma babu wanda ya san tsawon zaman da za a yi kafin aiki. Abin da ka tara a wannan shekarar shi ne kuɗin motar zuwa intabiyu, ko jarin farko. Mutane da yawa a nan lissafinsu zai tsaya, domin bayan an ware wannan babu abin da ya rage. Idan haka ne, ka gama, babu batun biya da wuri.

Mataki na 5: Lissafin abin da ya rage

Bari mu ɗauki misali. Wata ɗaliba ta karɓi bashin na shekara 2: kuɗin makaranta 160,000 sau biyu, 320,000 ke nan, da 20,000 na wata 24, wato 480,000. Jimilla 800,000. Ta gama karatu yanzu, don haka tana da shekarar bautar ƙasa da wasu 2 a kai, kusan shekara 3 kafin a cire mata ko kwabo. A ce daga nan ta samu aikin 150,000 a wata. Za a riƙa cire 15,000, kuma bashin zai ƙare a cikin wata 54 ko kusa da haka, shekara 4 da rabi. Daga yau zuwa biyan ƙarshe ana maganar fiye da shekara 7, kuma adadin yana nan a 800,000.

Ita naira kuwa ba ta tsaya ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024, kuma bayan ta sabunta ma'auninta ta ba da kashi 24.48 a Janairu 2025. Ko mu ɗauka abin ya lafa ya tsaya a kashi 15 a shekara, naira 800,000 ta shekara 3 masu zuwa za ta sayi abin da 526,000 ke saya yau. Idan kashi 20 ne, 463,000. Ke nan wanda ya biya yau ya biya da naira mai nauyi, wanda ya biya a kan lokaci ya biya da wadda ta yi sauƙi.

Sai dai a nan ne masu ba da wannan shawara suke tsallake abu ɗaya. Hauhawar farashin da ke cin bashinka tana cin ajiyarka ita ma, daidai wa daida. Idan 800,000 ɗin za ta zauna a asusu shekara 3 ba ta haifar da komai, ba ka ci ribar komai ba: ranar biya za ka miƙa 800,000 ɗin nan dai. Abin da ka samu kawai shi ne kuɗi a kusa da hannu idan larura ta taso. Riba tana zuwa ne idan kuɗin suna aiki. Don haka tambayar gaskiya ita ce, ina za ka sa su?

Asusun ajiya na banki bai kai ba. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce a ba mai ajiya aƙalla kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan da bankin ya ƙayyade, kuma lokacin da ma'aunin yake 27.5 abin bai wuce kashi 8 da ɗoriya ba. Da yawanmu ma ba sa karɓar wannan saboda addini. Ga wanda ke gudun riba akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar saka jari bisa tsarin Musulunci, wanda ofishin kula da basussuka na ƙasa ya fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 a kan ladan haya kashi 16.47 a shekara, kuma da naira 10,000 ana iya shiga. Ba kullum ake buɗe shi ba, kuma na shekaru ne masu yawa, don haka ba wurin ajiye kuɗin gaggawa ba ne. Akwai asusun saka jari na raba riba a bankuna irin su Jaiz, TAJ da Lotus. Ga wanda ruwa bai dame shi ba akwai takardun lamuni na baitulmali da takardun ajiya na gwamnatin tarayya da ake fara saye daga naira 5,000.

Mu koma ga ɗalibarmu. A ce ta samu wurin da ke ba ta kashi 15 a shekara. Naira 120,000 ke nan a kan 800,000, wato 10,000 a wata. A shekara 3 na jira ta tara 360,000 ko da ba ta mayar da ribar ciki ba. Idan an fara cirar 15,000, ribar kaɗai tana ɗauke mata kashi biyu cikin uku, uwar kuɗinta na nan. Wannan shi ne abin da take sarayarwa idan ta biya yau.

Sana'a tana iya ba da fiye da haka, tana kuma iya cinye jarin. Keken ɗinki ga wadda ta iya ɗinki kuma tana da masu kawo mata aiki, ko ƙarin kaya a shagon da ya riga ya tsaya da ƙafarsa, ko kwamfuta ga wanda da ita yake cin abinci, waɗannan sun fi biyan bashi da wuri nesa ba kusa ba. Harkar da ba ka sani ba, wadda aboki ya ce ka kawo kuɗi kawai, wannan wani zance ne. Duk wanda kuma ya yi maka alkawarin ninka kuɗi a wata ɗaya, ka tuna da MMM a 2016 da CBEX a Afrilu 2025, tsare-tsaren damfara da suka durƙushe da kuɗin jama'a. Idan zaɓin da ke gabanka shi ne tsakanin irin wannan da biyan NELFUND, ka je ka biya NELFUND yau ɗin nan.

Mataki na 6: Ka yi wa kanka adalci game da hannunka

Duk lissafin da ke sama ya ginu ne a kan cewa kuɗin za su zauna inda aka sa su. Kai ka san kanka, ka kuma san gidanku. Akwai wanda da an ji ƙamshin kuɗi a jikinsa sai bikin ƙanwa ya taso, sai kawu ya zo da maganar taki, sai aboki ya zo rance na "sati biyu", shi kuma ba ya iya cewa babu. Akwai wanda babu mai roƙonsa, amma sabuwar waya ba ta wuce shi. Ka duba shekarar da ta wuce: kuɗi mafi yawa da suka taɓa taruwa a hannunka, ina suke yanzu? Idan ba ka iya nuna abin da suka zama ba, to ribar kashi 15 ɗin nan a takarda kawai take. A wurinka biyan bashin ajiya ce da babu mai iya taɓa ta, kuma za ta dawo maka a matsayin cikakken albashi nan gaba.

Wasu dalilan ma suna karkatar da ma'auni zuwa biya. Idan kana shirin barin ƙasar don aiki ko karatu, gara ka rufe littafin kafin ka tafi, ko ka tsara hanyar biya a rubuce. Cikin abin da mai neman bashin ke amincewa da shi akwai tsarin GSI, wanda Babban Banki ya kawo a 2020, da ke ba da damar cire bashin da aka ƙi biya daga duk asusun da ke ɗaure da lambar BVN ta mutum. Idan abin da ya rage kaɗan ne, a ce 60,000, kuma kana da miliyan a ajiye, bai kai a tsaya dogon lissafi ba. Idan kuma kana shirin neman rancen gida ko na kayan sana'a, ka tuna mai ba da rance yana duba abin da ke saura a albashinka, kuma kashi 10 ɗin nan zai hau kan kashi 8 na fansho da haraji da ake cira dama.

Mataki na 7: Nauyin da ke zuciya

Ga Musulmi da yawa abin da ke hana barci ba lissafi ba ne, tsoron mutuwa da bashi ne. Hadisi ya zo cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, wani kuma ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Abin lura shi ne jinkirin da ake zargi shi ne na bashin da lokacinsa ya yi aka nema mutum ya riƙa ja. Wanda aka ba wa wa'adi kuma wa'adin bai cika ba bai saɓa alkawari ba. Ita ma dokar 2024 ta tanadi yafe bashin idan mai shi ya rasu, ko wata ƙaddara ta same shi da ta hana shi iya biya. Duk da haka ka rubuta adadin ka sanar da wani na kusa da kai, idan kuma zuciyarka ba ta natsu ba ka kai wa malamin da ka yarda da shi maganar tare da sharuɗɗan bashin a hannunka.

Idan bayan duk wannan har yanzu abin yana damunka, kuma ka riga ka cika mataki na 3 da na 4, ka biya. Ka san dai nawa kwanciyar hankalin ta ci maka, a misalinmu kusan 120,000 a shekara, ka kuma yarda da farashin. Akwai ma lada a ciki, domin abin da aka mayar yana cikin abin da za a ba na baya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da "babu ruwa" ya zama "ba sai an biya ba". Dakatawar da nake nufi ta mai niyyar biya ce, wanda ranar da wa'adi ya cika ba sai an neme shi ba.

Mataki na 8: Ba dole ne a zaɓi duka ko babu ba

Tsarin ya bar wa mutum damar biyan fiye da kashi 10 idan yana so, don haka ana iya rabawa. Wanda ya rage da 400,000 bayan ya ware na ko-ta-kwana yana iya sa 300,000 a inda za ta yi aiki, ya rage bashin da 100,000. Wata hanyar da na fi so ita ce ka buɗe asusu daban da sunan bashin, wanda babu katin cirar kuɗi a kansa, ka fara zuba kashi 10 na samunka tun yanzu kamar an riga an fara cira. Za ka saba da rayuwa a kan kashi 90, kuɗin suna haihuwa, kuma ranar da wa'adi ya cika kana da zaɓi: ka biya dunƙule, ko ka bar cirar wata-wata ta ci gaba. Idan banki ne, ka tabbatar yana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya a banki, wadda tun 2024 take lamunce har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna.

Idan ka yanke shawarar biya, hanyar da NELFUND ta nuna a shafinta kaɗai za ka bi. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko da ya ce ma'aikacinsu ne, kada kuma ka bi adireshin da aka turo maka ta WhatsApp. Ka fara da ƙaramin adadi, ka jira ka ga ya ragu a shafinka, sannan ka tura sauran. Ka adana rasit a takarda da kuma a imel. Idan ka kammala, ka nemi shaidar cewa babu sauran bashi a kanka, ka kai kwafi ofishin albashi na wurin aikinka don kada a ci gaba da cira.

Idan kuma ka zaɓi dakatawa, ka rubuta ranar da shekara 2 za ta cika daga kwanan watan da ke kan takardar kammala bautar ƙasarka, ka tabbatar lambar wayarka da imel ɗinka na shafin suna aiki. Duk shekara ka sake lissafin mataki na 5 da alƙaluman lokacin: abin da ajiyarka ta haifa da gaske, yadda farashi yake tafiya, da ko an taɓa sharuɗɗan dokar. Shekarar da ka ga ribar ta koma abin da bai taka kara ya karya ba, ko ka fara zaftarar kuɗin don abin da ba larura ba, ka kwashe abin da ke asusun bashin ka biya.